Malaman Aikin Jinya Bayan Ritaya: Suna Zaune a Gida, Azuzuwa Kuma Na Neman Malamai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika jin ɗuriyarsu ba, wato malaman da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna koyar da aikin jinya da ungozoma a makarantu da jami'o'in ƙasar nan, sa'an nan lokacin ajiye aiki ya zo suka koma gida. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin a mai da ni aji, kuma 'yan shekaru kaɗan suka rage mini in bi sahunsu. Saboda haka maganar ta shafe ni, kuma gara mai karatu ya san haka tun daga farko.

Bayan Babbar Sallah na kai wa malamata ziyara, wadda ita ce ta koya mana karɓar haihuwa muna 'yan mata. A lokacin da take aiki, idan ta ɗora tafin hannunta a kan cikin mai juna biyu, kafin a je ɗaukar hoton ciki ta riga ta faɗi yadda ɗan yake kwance, kuma da wuya na'ura ta ƙaryata ta. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, kuma ba mu ma gama gaisawa ba sai ga wata maƙwabciya ta yi sallama, ta shigo da matar ɗanta mai tsohon ciki, ta ce kwana biyu ke nan kan yarinyar yana sarawa, tana kuma gani dishi-dishi. Malama ta aiki jikarta ta ɗauko mata tsohon abin awon jininta, irin wanda ake matsawa da hannu, ta ɗaura wa yarinyar a damtse, ta sa abin sauraro a kunne, ta yi shiru tana kallon allurar. Sa'an nan ta danna ƙwaurin yarinyar da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta dubi uwar mijin ta ce, "Hajiya, jininta ya hau ƙwarai. Wannan ba maganar gobe ba ce, ba kuma maganar kemis ba ce. Yanzun nan za a nemo mota a kai ta asibiti kafin jijjiga ta kama ta." Ta yagi takarda ta rubuta abin da ta gani da ƙarfe nawa ta auna, da tsabtataccen rubutun nan nata da muka sani a allo, ta ce a miƙa wa sistar da aka tarar a bakin aiki.

Da suka fita ta naɗe abin awon, ta ce mini, "'Yata, kin ga hannun bai manta ba. Takarda ce ta ce na tsufa." Tana da shekara 56 aka sallame ta, domin ta kama aiki tana da 21. Daga nan ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafan darasinta na shekara da shekaru, duk rubutun hannu, da zanen ƙugun mace da ta yi da jan biro da shuɗi, da bayanin yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa a wurin da babu likita, babu wuta, babu jinin da za a ƙara. A gefen wasu shafukan ta rubuta irin kalmomin da matan karkara suke kiran ciwukansu da su, domin ɗaliba ta gane abin da mara lafiya take nufi ba tare da ta ba ta kunya ba. Tun ranar da aka yi mata walimar ban kwana, babu wanda ya taɓa tambayar ta waɗannan littattafai, kuma babu wanda ya taɓa gayyatar ta ta tsaya gaban ɗalibai ko da na awa ɗaya.

Tushen matsalar yana cikin ƙa'idar ritaya kanta. Dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Yawancin waɗanda suka koyar a makarantun jinya na jihohi da na manyan asibitoci ma'aikatan lafiya ne a takarda, don haka wannan ƙa'ida ce take hawa kansu. To, aikin jinya aiki ne da ake farawa da wuri: yarinya ta gama sakandare, ta yi shekara uku a makarantar jinya, ta kama aiki tana 'yar ashirin da 'yan kai. Kafin ta zama malama sai ta yi shekaru a ɗakunan marasa lafiya, ta ƙara karatun ungozoma ko wani fanni, ta yi kwas na koyarwa, watakila ta koma jami'a ta yi digiri tana fama da aikin dare da renon 'ya'ya. Lokacin da ta nuna, ta san aikin ciki da bai, shi ne lokacin da shekara 35 ɗin take cika. Sauran malamai an duba musu wannan. Tun 2012 aka yi dokar da ta kai shekarun ritayar malaman kwalejojin kimiyya da fasaha da na kwalejojin ilimi zuwa 65, kuma a 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ba malaman firamare da sakandare damar kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A farkon 2025 an ba da labarin cewa Shugaba Bola Tinubu ya amince a ƙara shekarun ritayar likitoci da sauran ma'aikatan lafiya daga 60 zuwa 65, amma ma'aikacin jiha ƙa'idar jiharsa yake bi, kuma duk wani ƙari da za a yi ba zai komo da waɗanda suka riga suka tafi gida ba.

Wani zai ce ai na jami'a sun huta, tun da dokar jami'o'i da aka yi wa gyara a 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ta ba farfesa damar zama har shekara 70, ta kuma ce wanda ya yi ritaya yana farfesa, bisa sharuɗɗan da ta gindaya, fanshonsa ya yi daidai da albashinsa. Gaskiya ne haka dokar ta ce. Sai dai a tambaya, malaman jinya nawa ne suke kaiwa wannan matsayi? Karatun jinya ya daɗe a wajen jami'a. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen digirin jinya a 1965, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin jami'o'in Arewa, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, su buɗe nasu. Waɗanda suka kafa waɗannan sassa galibi daga asibiti suka fito, sun riga sun manyanta kafin su shiga jami'a. Abokin aikinsu na sashen tarihi ko lissafi ya soma hawa matakala tun yana saurayi, su kuwa sai da furfura ta fara fitowa suka yi digiri na biyu, sa'an nan na digirgir, suna yi suna raka ɗalibai asibiti, abin da ba ya barin lokacin rubuce-rubucen da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Da yawa shekara 65 takan riske su suna kan matakin babban lakcara, su tafi ba tare da shekara biyar ɗin ƙari ba, ba kuma tare da cikakken fanshon ba, alhali su ne suka rubuta manhajar sashen, suka yi ta faɗi-tashi har aka tantance shi. Waɗanda ma suka kai ga farfesa ɗin, cikon da gwamnati za ta zuba domin fanshonsu ya kai albashi ya daɗe yana maƙalewa, har sai da aka sa shi cikin basussukan da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ci bashin naira biliyan 758 domin biyansu a 2025.

Maganar kuɗi kuwa, wanda bai zauna da ɗan fansho ba ba zai gane zafinta ba. Tun 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo, aka sake masa fasali a 2014 ta yadda ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10, a ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004, kamar yawancin malamanmu, haƙƙinsu na shekarun baya yana hannun gwamnati, kuma sai ta zuba shi a asusunsu kafin a fara biyansu, shi ya sa mutum kan yi watanni masu yawa bayan ritaya babu albashi babu fansho. A jihohi kowa da irin nasa tsari, kuma labarin garatutin da ake bi shekara da shekaru ba baƙo ba ne ga masu karanta wannan jarida. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 173 game da ma'aikatan tarayya da sashe na 210 game da na jihohi, ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma da yawa daga cikin tsofaffin da na sani har yau muna ta jin gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Malama ta ba ni labarin ranar tantance 'yan fansho, yadda ta yi sammako ta bi layi daga hantsi har la'asar da jakar takardunta a hammata, ƙafafunta suka kumbura, aka ce ta dawo wani mako domin an rasa fayil ɗinta. Wadda ta taimaka mata ta samu kujera a ranar tsohuwar ɗalibarta ce da ta rako mahaifinta. Malama tana da hawan jini da ciwon suga, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin magani ya tashi, ta daina sayen na wata guda, sai na mako-mako. Katin inshorar lafiyar da take amfani da shi lokacin tana aiki ya daina amfani bayan ta yi ritaya, wato daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti. Wannan mata ita ce ta shekara talatin tana gaya wa marasa lafiya kada su kuskura su tsallake maganin hawan jini ko na kwana ɗaya. Da take faɗa mini haka ban iya haɗa ido da ita ba.

Duk da haka, da na tambaye ta abin da ya fi damun ta, ba kuɗi ta ambata ba. Ta ce zaman banza. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya guge farar riga, ya tsaya gaban ɗalibai tamanin, ya zagaya ɗakunan marasa lafiya ana "Sannu Malama, sannu Malama", rana ɗaya sai ya wayi gari babu inda ake jiransa. Mazan cikinsu wasu sukan koma gona, wasu su buɗe ɗan shagon magani, wasu makarantu masu zaman kansu su ɗauke su a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sunansu da takardunsu ake bukata domin a nuna wa masu tantancewa, ba iliminsu ba. Matan kuwa, musamman a nan Arewa, gida suke komawa, su zama asibitin unguwa na kyauta, ana buga musu ƙofa da tsakar dare, babu kayan aiki, babu wata hukuma da ta san suna yi.

Abin da ya sa nake ganin wannan asara ce ta ƙasa, ba ta su kaɗai ba, shi ne halin da aikin yake ciki. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa na lokacin, Dokta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 ne suka bar Nijeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Masu tafiya Ingila da Amurka da Saudiyya kuwa ba sababbin hannu ba ne kawai, har da waɗanda muke sa ran su gaje mu a aji. Domin cike giɓin, a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, a daidai lokacin da ake mai da makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma da babbar difloma. Ƙarin ɗalibai abu ne mai kyau, kuma ina goyon bayansa, musamman a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a 2023, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Amma aikin jinya ba a koyonsa da lakca kaɗai. Sai an riƙe hannun ɗaliba an nuna mata inda jijiya take, an tsaya a bayanta tana ɗinki, an gyara mata yadda take magana da mai naƙuda. Aji ana iya gina shi cikin wata shida, amma malamin da zai tsaya a bayan ɗaliba sai an shekara goma sha ana renonsa. Mu da muke aji yanzu mun san yawan ɗaliban da kowannenmu yake ɗauke da su, mun kuma san nawa ne suke kaiwa ranar jarrabawa ba su taɓa samun wanda ya tsaya a kansu su kaɗai ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma gwamnati ta taɓa gwada hakan a wannan fanni namu. A 2009 Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, ta ɗauki sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da kuma waɗanda suka yi ritaya, ta rarraba su ƙananan asibitocin ƙauyuka. Shirin ya yi rauni daga baya, kuma cikin dalilan akwai rashin biyan alawus ɗin da jihohi da ƙananan hukumomi suka yi alkawari da rashin masauki mai kyau. Darasin da ke ciki a fili yake: masu ritaya sun amsa kira, masu alkawari ne suka gaza.

Roƙona ga kwamishinonin lafiya da shugabannin kwalejoji shi ne a buɗe ƙofar kwantiragi ta gaskiya ga malamin da ya yi ritaya kuma yake da lafiya da sha'awa. Ba ina nufin a mai da shi kujerar shugabanci ya tare wa na baya hanya ba, kuma na san ƙorafin matasanmu da suka gama karatu suke neman aiki, ƙorafi ne mai tushe. Aikin da nake nufi daban ne: kwana biyu ko uku a mako a ɗakin gwaji da gefen gadon mara lafiya, da renon sababbin malamai, da duba ayyukan binciken ɗalibai, da zama cikin masu jarrabawar aikin hannu. Wannan ba gurbin matashi ba ne, domin matashin ma shi ne zai amfana. A rubuta yarjejeniyar, a biya a ƙarshen wata, kuma a bar wanda ya gaji ya huta ba tare da an ga laifinsa ba, don akwai waɗanda aikin dare da ɗaga marasa lafiya suka gama da bayansu. Masu cewa ilimin tsofaffi ya tsufa su tuna cewa duk mai riƙe da lasisin jinya sai ya halarci kwas ɗin ƙarin ilimi na dole kafin ya sabunta shi duk shekara uku. Abin da ya kamata shi ne hukumar jinya da ungozoma ta sauƙaƙa wa masu ritaya kuɗin wannan kwas da na sabuntawa, maimakon a bar lasisinsu ya mutu saboda fansho bai isa ba. Tun da kuma makarantun sun zama kwalejoji, adalci ne a ba malamansu shekara 65 kamar takwarorinsu na sauran kwalejoji, kuma jami'o'i su nemi hanyar da za su ƙirga shekarun da malamin jinya ya yi a asibiti da lokacin da yake ɓatawa wajen horar da ɗalibai a gefen gado idan an zo ƙarin girma. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, to, mafi ƙarancin abin da za a yi wa wanda ya ƙare rayuwarsa a asibiti shi ne kada a cire sunansa ranar da ya miƙa makulli.

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ita ma tana da nata kason. Duk ranar 12 ga Mayu muna taruwa mu yi bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya, mu sa anko, mu yi jawabai, amma ban cika ganin an aika mota an ɗauko tsofaffin malamai an zaunar da su a sahun gaba ba, balle a ce reshen jiha yana da jerin sunayensu da wanda yake bin fayil ɗin garatutinsu. Mu ɗalibansu ma muna da laifi, kuma ni ce ta farko, domin shekara huɗu na yi ban taka gidan Malama ba, alhali tafiyar ba ta kai ta awa ɗaya ba.

Kafin in taso na roƙe ta ta ba ni aron littattafai uku daga cikin adakar, in sa a buga su a kwamfuta domin ɗalibaina. Ta yarda, amma da sharaɗin in kawo mata ɗaliban da kansu, domin a cewarta akwai abin da ba ya shiga takarda. Mun tsayar da Asabar ta farko bayan an dawo hutu, zan kai mata guda goma. Ta ce in taho da mutum-mutumin ƙugu da jaririn roba na ɗakin gwaji, kuma in gaya wa kowace ɗaliba ta yanke farcenta kafin ta zo.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar aikin jinya da ungozoma